Hinjin ƙofar bayan a-kori-kurata ya saki: walda ko sabo?

Mai Farar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda abin ya taɓa samu nake nema. Jiya da yamma ina sauke kaya ƙofar bayan a-kori-kurata ta saki ta gefen hagu. Na haska da fitila na duba: hinjin kansa bai karye ba, ɗan lanƙwashewa ya yi. Noti biyu ke riƙe da shi a jikin bodi. Ɗaya ya gutsure, guntun yana ciki. Ɗayan yana nan amma juyawa kawai yake, ba ya ɗauruwa, ba ya kwancewa. Ƙarfen da ke kewaye da ramin ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa, ga tsatsa. Gefen dama lafiya lau. Akwai kuma wayar kyamarar ribas da ta shiga cikin ƙofar. Mai walda ya ce in kawo ya liƙe hinjin da bodi a wuce wurin. Mai sayar da kayan gyara ya ce sabon hinji zan saya. Wani kuma ya ce in nemi ƙofa ta hannu gaba ɗaya. Yau Alhamis, Litinin ina da lodi. Wanne zan yi?

Sauri Ya Fi:
Wa alaikumus salam. Sayi sabon hinji kawai Malam, minti goma ka ɗaura. Ni haka na yi.

Ɗan Raha:
Igiya fa? Tawa shekara biyu ke nan da igiya, ko sau ɗaya ba ta nemi giris ba.

Direban Dare:
Ka cire ƙofar ka ajiye a gida. Ka huta da gyara, kuma motar ta rage shan mai tunda iska za ta riƙa wucewa.

Injiniya:
Direban Dare, wannan magana ta daɗe tana yawo amma ba haka ba ne. In ƙofar tana rufe, iska kan yi ƙawanya tana juyawa a cikin bodin, sai iskar da ta taso daga saman kan motar ta bi ta kanta ta wuce. In ka cire ƙofar ka rushe wannan. Na biyu kuma, ƙofar tana taimakawa wajen riƙe bangon bodin biyu. Ka daɗe kana lodi babu ita, wata rana za ka mayar ka tarar bakin ya buɗe, sakata ba ta kamawa.

Na Ga Ta Kaina:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka bar kowa ya kusanci motar nan da injin walda. Ni jiki magayi. Tawa ma ta hagu ce ta saki, shekara uku da suka wuce. Na kai wa wani mai walda, ko durƙusawa bai yi ya leƙa ba, ya ce ƙaramin aiki ne. Bai cire ƙofar ba, bai cire kan batir ba, yaronsa ya tallafe ta da gwiwa shi kuma ya kunna inji. Sandar farko da ya ɗora ta huda gwangwanin, rami ya fito da za ka zura babban yatsa. Ya ce babu komai, zai cike. Ya yi ta tara walda a kan walda har wurin ya zama kamar gidan zanzaro. Robar da ke cikin hinjin ta narke, fenti ya ƙone har wajen fitilar baya.

Da aka gama aka ɗaga ƙofa, sai ga gefen hagu ya fi na dama tsawo. Sakatar dama ta kama, ta hagu sai an doka da kafaɗa. Na yi magana, ya ce za ta zauna da kanta in ta sha hanya. To ta sha hanyar. Sati biyu ina tafe da buhuna a baya na faɗa wani rami, sakatar hagu ta saki, nauyi ya koma kan ta dama ita ma ta saki, ƙofa ta faɗo, waldar ta ɓalle da guntun bodin a jikinta. Buhu huɗu a kan titi. Allah ne ya tsare mai babur ɗin da ke bayana, da yanzu wani labarin ake yi.

Na koma wurinsa, ya ce lodi na yi mata fiye da ƙima. Ko haƙuri bai ba ni ba. Daga ƙarshe sai da fanalbita ya yanke kusurwar bodin gaba ɗaya ya sa wani ƙarfe, na sayi hinji biyu, na yi fenti, na sake wayar fitila. Abin da na kashe ya ninka kuɗin sabon hinji ya fi sau goma. Garin neman gira na rasa ido. Har yau in na ji ƙarar giranda gabana faɗuwa yake.

Mai Farar Mota:
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa. Amma Yallaɓai, in ban yi walda ba, a jikin me zan ɗaura sabon hinjin? Wurin ɗaurawar ne ya tsage.

Na Ga Ta Kaina:
Ni dai na faɗa maka. Kuma ban ma ba ku labarin kyamarar ba. Tun ranar ba ta sake nuna komai ba sai shuɗin allo.

Mai Walda Tun Jiya:
Alhaji Na Ga Ta Kaina, ka yi haƙuri da abin da ya same ka, amma wanda ka kai wa mai ƙera ƙofar gida ne, ba mai aikin mota ba. Shekarata ashirin da biyu a sana'ar nan. Gwangwanin waje na bodi da wuya ya wuce milimita 1. Ka ɗauko sanda mai kauri milimita 2.5 ko 3.2 ka buɗe wuta, ai dole ya huje. Irin wannan wuri injin MIG, mai walda da siririyar waya maimakon sanda, ake sa masa, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa.

Mai tambaya, saurara. Notin da ke juyawa a banza, akwai na-mace, wato abin da notin ke ɗauruwa a cikinsa, da kamfani ya liƙa ta cikin ginshiƙin bodin, ita ce ta ɓalle take bin sa. Yawanci in ka cire fitilar baya za ka samu kafar zura hannu ko sufana ka riƙe ta. Wanda ya gutsure kuma, a ɗora washa da wata na-mace a kan guntun, a cika tsakiyarta da walda, zafin ya karya tsatsar, a bari ya ɗan huce a juya. Tsagar nan a kankare ta har farin ƙarfe ya fito, a huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a ɗinke, sannan a sa faranti mai kauri milimita 3 ta ciki da sababbin na-mace a jikinsa. Hinji kuma da noti zai koma. Kada ka yarda a liƙe shi da bodi, don ramukan nan suna da ɗan wasa, da shi ake saita ƙofa. A cire kan batir, a zare wayar kyamara, a sauke ƙofar, a maƙala wayar injin kusa da wurin aiki. Kuɗin aikin bai kai na hinji ɗaya na asali ba.

Sauri Ya Fi:
Bai kai ba? Ni da aka yi min irin wannan faranti sai da na biya kuɗin hinji uku. Kuma hinjin da na saya bai kai kuɗin cika tanki rabi ba.

Ƙaramin Bakanike:
Oga, jabu ka saya. Na asali guda ɗaya ya fi cikin tanki.

Direban Dare:
Ni ƙofa sukutum ta hannu, da hinjinta da sakatarta, na samu ƙasa da abin da kuke faɗa na hinji ɗaya.

Ƙaramin Bakanike:
To ka binciki inda aka samo ta.

Ɗan Raha:
Jama'a duk wanda ƙofarsa ta ɓata ya leƙa bayan motar Direban Dare. Shi ya sa yake cewa kowa ya cire tasa ya ajiye.

Injiniya:
Kafin a kai ga walda, akwai tambayar da ba wanda ya yi: bodin na ƙarfe ne ko na alminiyum? Ford F-150 tun ƙirar 2015 bodinta alminiyum ne. Shi yana narkewa a wajen digiri 660, ƙarfe kuma sai kusan 1,500, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ka ga ya zube. In ka manna masa farantin ƙarfe tsirara, ruwa ya shiga tsakani, alminiyum ɗin ne zai riƙa cinyewa. Ɗauki maganaɗisu ka kai jikin bodin. In ya kama, ƙarfe ne. Sannan yawancin irin notin nan M8 ne, wato mai kaurin milimita 8, mai lamba 8.8 a kansa, ɗaurinsa wajen Nm 25 a sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Masu sa bututu a sufana suna hawa da ƙafa su ne ke gutsure su.

Mai Walda Tun Jiya:
Injiniya, da girmamawa, ka taɓa riƙe abin walda? Ni da ido nake gane alminiyum, ba sai na nemo maganaɗisu ba.

Injiniya:
Kai za ka gane, Malam. Mai tambaya fa? Kuma shi ma wanda ya ƙona motar Alhaji ai da ido ya yi aiki.

Mai Walda Tun Jiya:
Littafi bai taɓa kwance notin da ya shekara goma cikin tsatsa ba.

Tsohon Direba:
Yara, ku sassauta. Ku duka kun faɗi gaskiya, kuma ku duka ba ku tambayi abin da ya karya shi ba. Na yi shekara talatin da wani abu ina jan irin motocin nan. Hinji ba ya sakin jiki haka kawai. Ɗana mai tambaya, je ka duba wayoyin nan biyu ko ƙarafan da ke riƙe ƙofa in an buɗe ta. Na rantse ta gefen hagu ta miƙe ko ta tsinke, ko kuma ɗaya ta fi ɗaya tsawo. In ɗaya ce ke ɗaukar kaya, ƙofar murɗewa take yi, hinji ne ke biyan bashin. Ka gyara hinji ka bar waya, ka dawo nan da wata shida da wannan tambayar.

Injiniya:
Baba ya yi gaskiya. A 2004 kamfanin General Motors ya janye motoci kusan miliyan 4, har da a-kori-kura samfurin Silverado da Sierra ƙirar 2000 zuwa 2004, saboda wayoyin nan suna tsatsa suna tsinkewa da mutane a kan ƙofa. An sauya su da na ƙarfen da ba ya tsatsa. Matsalar ita ce roba ta lulluɓe wayar, ba ka ganin ɓarnar. In ka ga robar ta kumbura ko ta tsage, sauya duka biyun.

Mai Walda Tun Jiya:
Ka ga, Baba bai buɗe littafi ba ya faɗa, kai sai da ka je Amurka ka dawo.

Na Ga Ta Kaina:
Ni wayoyina lafiyarsu ƙalau lokacin. Mai walda ne ya kashe ni. Na manta ban faɗa ba, hayaƙin da ya tashi ma sai da yaron nasa ya kwana da zazzaɓi.

Mai Walda Tun Jiya:
Wannan tutiyar da ake shafe gwangwanin da ita ce. Kankare ta ake yi kafin a sa wuta, kuma a fili ake aikin. Na ce maka ba ɗan sana'a ka samu ba.

Hajiya Mai Gona:
Ni duk ba wannan ba. Ku gaya min yadda zan yi da masu aron mota. Tawa sau biyu ana gyara hinjin nan, kuma duk biyun ba a hannuna ya lalace ba. Na farko ƙanen maigidana ya ara zai ɗauko babur. Ya kafa katako a bakin ƙofar, ya hau babur ɗin da kansa ya banko shi sama. Nauyinsa da na babur duk a kan leɓen ƙofa. Na biyu maƙwabci ne, ya ɗauko katakai da suka fi bodin tsawo, ya bar ƙofa a buɗe suka kwanta a kanta, ya yi ta faɗawa ramuka. Ya dawo ya ajiye min makulli ya ce an gode Hajiya. Sai da safe na ga ƙofar ta karkace an ɗaure ta da tsumma.

Tsohon Direba:
Hajiya, ai mai a-kori-kura ba ya rasa 'yan'uwa. Ranar gyara ce ake zama maraya.

Sauri Ya Fi:
Ni wanda ya ari tawa, mutum biyar ya jera a kan ƙofar suna hira. Da na yi magana ya ce ai ƙarfe ne.

Ƙaramin Bakanike:
Gara ku, an dawo muku da ƙofar. Wani da nake wa gyara a ajiye ya bar motarsa, ya fito babu ƙofar. Irin na Amurka da yawa hinjin gefe ɗaya yana da tsaga: ka buɗe, ka zare wayoyi, ka ɗaga ta rabi, ta fito. Ko sufana ba a buƙata. Maganinsa kilif ɗin tiyo, irin mai noti, ka ɗaura a kan hinjin ya rufe tsagar. Ba ya hana ɓarawo mai niyya, amma yana ɓata masa lokaci.

Ɗan Raha:
Igiyata dai har yau ba wanda ya sata.

Hajiya Mai Gona:
Ni tambayata, in ɗan'uwa ya lalata, kuna karɓar kuɗin gyara ko kuna haɗiyewa? Don na ukun nan ba zan yi shiru ba.

Direban Dare:
Ki ce masa birki ba ya ci. Ni da haka na rabu da su.

Na Ga Ta Kaina:
Ni ko mai waldar ban karɓi komai a hannunsa ba, balle ɗan'uwa.

Mai Farar Mota:
Na gode ƙwarai jama'a. Maganaɗisu ya kama. Baba, wayar hagu robarta ta kumbura kamar yadda aka ce, da na lanƙwasa ta na ji tana ƙas-ƙas. Na cire fitilar baya, amma nawa babu kafar da hannu zai shiga, akwai wani ƙarfe da ya tare. Malam Mai Walda, a nan yaya ake yi, yanka ake yi ko akwai wata dabara? Ga shi an kwana, gobe Asabar.

Hajiya Mai Gona:
Direban Dare, na gwada maganar birkin. Cewa ya yi zai tafi a hankali.