Awa uku kacal aka ba mu na gwajin fitilu da sauti, ta ina za mu fara?

Ɗan Dandali:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu za ta kai wasa wani bikin wasan kwaikwayo a Jos. Wasan minti 55 ne, 'yan wasa tara da makaɗin kalangu ɗaya. An ba mu daga ƙarfe 5 zuwa 8 na yamma mu gwada na'urori, kuma dandamalin a fili yake, babu rufi. Me ya kamata mu gama tun daga gida, kuma yaya ake raba lokacin?

Uwar Ɗakin Dandamali:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, awa ukun nan a takarda ne kawai. A fili, fitila ba ta nuna aikinta sai rana ta faɗi, wato wajen 6 da rabi, ga kuma magariba za ta ɗauki kwata. Saboda haka ku kashe sashen farko a kan kafa kaya, manna tef a ƙasa inda kowace kujera da tabarma za ta zauna, da gwajin sauti. Fitilu sai bayan sallah. Ku zo da tef mai launi ɗaya naku, domin ƙungiyoyi da yawa ne za su yi alama a dandamali guda, in launi ya haɗu ranar wasa za ku ajiye kujera a alamar wasu.

Abin da ke ceton mutum shi ne takardar kiyu, wato jerin wuraren da za a canja haske ko sauti. Kowane canjin haske ko sauti ya sami lamba, da kalmar ɗan wasa da za a yi shi a kanta, da sakan nawa zai ɗauka. Misali: haske na 14, idan Uwargida ta ce "fita min daga gida", a dushe cikin sakan 3. Ku buga kwafi uku: na mai fitila, na mai sauti, da na wanda zai riƙa ba da umarni. Mutum ɗaya ne ke cewa "tafi", kuma ba darakta ba ne.

Kada ku yi wasan gaba ɗaya. Layi biyu kafin kiyu, a yi shi, a tsallaka na gaba. Da zarar darakta ya fara gyara yadda wani ke kuka ko tafiya, lokacin ya tafi ke nan.

Malam Mai Waya:
Hajiya ta gama magana a kan lokaci. Ni wuta zan taɓo. Tun yau ku nemi jerin fitilun da ke wurin da ƙarfin janaretansu. Tsohuwar fitilar PAR 64 mai wat 1000 tana jan amfiya 4 da ɗoriya a wutarmu ta bolt 230. Filogi mai fiyus 13 ba ya son fiye da biyu. In aka sa ta uku an kai bakin gaɓa, zai yi zafi ya tsinke ana tsakiyar wasa. Janareta mai kVA 10 kuwa kilowat 8 yake bayarwa, don haka fitilu 12 irin waɗannan sun fi ƙarfinsa tun ba a jona sifika ba.

In LED ne matsalar ta sauya. Ba sa shan wuta sosai, amma ba a jona su a dima, wato na'urar rage haske da ƙara shi, wuta kai tsaye suke so, umarni kuma ta wayar DMX, wadda ke haɗa su da na'urar mai fitila. Layi ɗaya kada ya wuce fitilu 32, a toshe ta ƙarshe da tamineta, ɗan filogin rufe layi, mai om 120. Fitilar da ke ƙiftawa ita kaɗai, galibi wayar makirufo aka ara aka sa a madadin ta DMX, ko kuma adireshin fitilu biyu, wato lambar da kowace ke karɓar umarni da ita, sun hau juna. Sannan wayar ƙari da ke naɗe a ganga a warware ta duka, a naɗe zafi take tarawa.

Kuma ku sani fitilun biki na kowa ne, da wuya a bar ku ku juya su. Ku roƙi ɗaya ko biyu da za a saita muku kaɗai, ku zaɓi wurin da ya fi bukata.

Ɗan Dandali:
Na gode ƙwarai. To sautin fa? Muna da waƙoƙi shida a waya.

Injiniyan Sauti:
A waya? Haba malam. Kira ɗaya ya shigo, duk filin ya ji. A juye su cikin kwamfuta, kowanne da lambarsa daidai da takardar kiyu, a kuma riƙe filashi biyu. In kun ji sifika na gurnani, ko dai sauti da dima sun haɗa layin wuta, ko cajar kwamfutar ce. Cire cajar ka saurara, in ya daina to akwatin DI, da ake sawa tsakanin kwamfuta da na'urar sauti, ne maganinsa. Makirufo marar waya a sa masa sabon batir ranar wasa, na gwaji a bar shi a gwaji.

Kalangu kuma ba lallai ya sami makirufo ba, shi da kansa yana cika fili. Abin gwadawa shi ne ko ana jin maganar 'yan wasa a kansa. Wani ya je layin ƙarshe ya zauna ya faɗi gaskiya.

Uwar Ɗakin Dandamali:
Na manta da sutura. Ku sa ainihin kayan wasa a gwajin, musamman farar babbar riga da shadda mai sheƙi. Suna maido da haske, sai mai fitila ya rage, fuskar ɗan wasa ta ɓace. A launin fitila kuwa, shuɗi mai haske da kore suna sa baƙar fata ta yi toka-toka. Ruwan zuma da ruwan hoda kaɗan sun fi fito da ita. Mai hula ko rawani kuma yana bukatar haske daga ƙasa-ƙasa, in daga sama ya sauko inuwa za ta rufe masa ido. Ku bar minti 15 na ƙarshe ku auna da agogo tsawon lokacin da kwashe kayanku zai ci, don wata ƙungiya na tsaye tana jiran dandamalin.