Ƙanena ya tambaye ni abin da zan gaya wa kaina da zan koma shekara 19, na rasa amsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon maganar.

Shekarata 41. Ina da ƙane ɗan shekara 19, a hannuna ya tashi tun rasuwar mahaifinmu yana ɗan shekara shida. Wata mai kamawa zai tafi karatu, karon farko ke nan da zai yi nesa da mu. Daren jiya ina taya shi jera takardunsa a jaka, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, da a ce za ka koma shekaruna, me za ka gaya wa kanka?" Wallahi bakina ya yi nauyi. Na ce ya ji tsoron Allah, ya dage da karatu, ya guji abokan banza. Ya ce to, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da abin da yake yi. Maganar gaskiya ce, amma ya sha jin ta a bakin kowa. Tawa ya nema, ban ba shi ba.

Na kwana ina juyi. Don Allah ku da kuka ga jiya kuka ga yau, da za ku haɗu da kanku a ƙuruciya, me za ku faɗa? Kuma ta yaya zan faɗa masa ya shige shi?

Wata uwa mai 'ya'ya huɗu:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da riƙon maraya. Ni da zan ga kaina ina 'yar shekara 20, hannuna zan kama in kai kaina gwajin jini tun kafin in san wani abu wai shi so. Ni AS ce, wato ina ɗauke da gadon sikila a jinina amma ba ni da ciwon, maigidana ma AS ne, ba mu sani ba sai da ɗanmu na biyu ya kai wata takwas, yatsun hannunsa da na ƙafarsa suka kumbura, yana ta tsala kuka ba ya ko yarda a taɓa shi. A nan likita ya yi mana bayani: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki fa, ba wai a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba. A cikin namu, biyu ne suka samu.

Ina son mijina, ina son 'ya'yana, ban taɓa cewa da ban haife su ba. Amma wanda bai taɓa kwana a tsaye a gefen gadon asibiti ba, yaro na cewa "Umma ƙashina zai karye," ba zai gane abin da nake nufi ba. Ka ce wa ƙanenka ya yi gwajin yanzu da zuciyarsa ba ta kama kowa ba. Idan so ya riga ya shiga, sakamakon takarda ba ya da ƙarfin da zai fitar da shi cikin sauƙi.

Wani ɗan kasuwa:
Ni dai a bashi na sha wuya. Na ba wani amini jarina kusan rabi, ba takarda ba shaida, don ina jin nauyin in ce ya sa hannu. Yau ba kuɗin ba amincin, ko a hanya muka haɗu sai kowa ya kau da kai. Abin da ya fi ƙona min rai, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma na sha karanta ta ina wucewa. Sai kuma ajiya. Ka ce wa ƙanenka duk abin da ya shigo hannunsa ya cire ɗaya bisa goma kafin ya taɓa sauran, komai ƙanƙantarsa. A wata goma ya tara na wata guda cif. Ni sai da na haura 35 na fara.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, ka haɗa da kanka a shawarar nan, kai ma 41 ba yaro ba ne. Yaushe rabonka da awon hawan jini? Ciwo ne da yawanci ba ya nuna alama, mutum yana ta harkokinsa sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku mabambanta, a ga likita. Ga ƙanenka kuma, kada ya ɗauki karan sigari na farko ko da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe har kusan rabin masu shan ta da ba su daina ba, kuma mafi yawansu a ƙuruciya suka fara, a cikin abokai. Ni kaina da zan koma baya, barci zan ce wa kaina in daina rainawa.

Wani matashi ɗan shekara 23:
Iyayena da yayyena ku gafarce ni, zan sa baki ko da ba ni aka tambaya ba, don ni ne kusa da shekarun yaron. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, kuma mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma idan aka jero mana kada ka yi kaza, kada ka yi kaza, kunne ne kawai ke ji. Mahaifina ya yi shekaru yana min faɗa a kan wasa da karatu, ko a jikina. Ranar da ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda shi ya faɗi jarrabawa, ya ɓoye wa iyayensa har shekara guda, yana fita kullum da safe kamar mai zuwa makaranta, ranar na fara jin maganarsa. Ban taɓa sanin ya taɓa faɗuwa a komai ba. Yaya, ƙanenka bai ce ka yi masa wa'azi ba. So yake ya san inda ka yi tuntuɓe. Idan ya san kai ma ka taɓa faɗuwa, ranar da ya faɗi kai zai fara kira, ba zai ɓoye ba.

Wani tsohon malamin makaranta:
Yaron nan da ya yi magana a sama, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da na yi shekara 30 a aji kafin in gane.

Ni shekarata 64. Abin da zan gaya wa kaina shi ne in riƙe mutane. Na ɗauka abokai suna nan kamar bango, duk ranar da na gama neman abin duniya zan waiwayo in same su. Da na waiwayo, wasu sun rasu, wasu kuma mun zama baƙin juna, sai gaisuwa. Akwai wani bincike da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara a 1938, aka bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, wasu ɗaliban jami'ar, wasu yaran unguwannin talakawa na birnin Boston. Abin da ya fi fitowa fili shi ne waɗanda suka fi kyakkyawar alaƙa da iyali da abokai sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufansu. Da na karanta ban yi mamaki ba, mu da muka ce zumunci a ƙafa yake, amma na yi baƙin cikin cewa na sani ban yi ba.

Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Gilovich da Medvec, sun yi nazari a kan nadama a shekarun 1990. Sun gano cewa a kusa mutum ya fi cizon yatsa a kan abin da ya aikata, amma idan shekaru suka ja, abin da bai yi ba shi ya fi damun sa. Haka nake ji a jikina. Kurakuran da na tafka yawancinsu na nemi gafara na manta. Waɗanda ke hana ni barci su ne karatun da na ce sai baɗi, da haƙurin da ban ba ƙanwata ba har ta koma ga Allah. Ka tuna masa hadisin ribatar biyar kafin biyar, ƙuruciya kafin tsufa tana ciki. Amma ka fara da labarinka tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, Allah ya ba yaranki lafiya mai ɗorewa, gobe da safe zan kai ƙanena gwajin, ni ma zan miƙa hannu a auna ni kamar yadda 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce. Ƙanena ɗan 23, maganarka ce ta tsaya min a rai, don na san amsar tun daren jiya, tsoron faɗin ta nake yi.

Ina da shekara 26 muka sami saɓani da mahaifinmu a kan aikin da na zaɓa. Na bar gida cikin fushi. Kusan shekara biyu ina aika saƙo ta hannun mahaifiyarmu, amma ban zauna da shi ba, kullum ina cewa sai na samu abin da zan nuna masa ya san ban yi kuskure ba. Wata Laraba da yamma ya kira ni sau biyu, ina kallon wayar tana ƙara a kan tebur, na ce zan kira shi in na natsu. Asubar Alhamis aka kira ni aka ce ya cika. Har yau lambarsa na cikin wayata, na canza waya ta kai biyar, duk sai na kwashe ta na tafi da ita.

Ɗazu bayan isha na kira yaron ɗakina na faɗa masa duka, shekara 13 ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Yaya, yaya muryar Baba take? Na manta." Muka zauna har ƙarfe ɗaya na dare ina ba shi labarinsa.