Direban uwa da direbobin 'ya'ya a KMDF: ta wace hanya za su yi magana da juna?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka daɗe suna rubuta direbobin Windows nake nema. Ina aiki a kan wani katin PCIe mai tashoshin RS-485 guda huɗu, wanda za a riƙa karanta mitocin wuta da shi. BAR ɗaya ke gare shi (wato yankin adireshin da rijistocinsa suke), siginar katsewa (interrupt) ma ɗaya ce, duk tashoshin a kansu suke tarayya. Shi ya sa na rubuta direban bas, wato uwar, da KMDF, tsarin Microsoft na rubuta direbobin Windows. Shi ke riƙe da katin, shi ke ɗauko adireshin rijistocin da MmMapIoSpaceEx, sannan ya haifar da PDO huɗu (wakilan na'urorin 'ya'ya a Windows, ɗaya ga kowace tasha) da WdfFdoAddStaticChild. A kan kowane PDO direban ɗa ne yake hawa, mai nasa fayil ɗin .sys daban da na uwar.

Har nan lafiya lau, 'ya'yan duk suna fitowa a Device Manager. Inda na tsaya shi ne: ɗan yana bukatar sanin lambar tasharsa, yana bukatar rubutu a rijistocin, ita kuma uwar dole ta sanar da shi idan bayanai sun iso. Zan iya kiran WdfPdoGetParent daga direban ɗan in shiga ma'ajiyar bayanan uwar? Ko in aika IOCTL (saƙon buƙata zuwa ga direba) sau ɗaya in karɓi adireshin rijistocin in ci gaba da aikina? Kwamfutocin nan a ɗakin da ba kowa za a bar su, shuɗin allo ɗaya (faɗuwar Windows) zai sa a rasa karatun dare guda. Wannan ne ke damuna.

Baban Kanel:

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, cire WdfPdoGetParent daga lissafinka. Na direban bas ne, shi ke da hannun PDO ɗin. Direban ɗan FDO kawai yake riƙe da shi, wato nasa wakilin na'urar da ke kan PDO ɗin, kuma hannun WDFDEVICE mallakar direban da ya ƙirƙire shi ne, ba a miƙa wa wani.

Lambar tasha ba ta da wuya. Lokacin da uwar ke ƙirƙirar PDO, ta cika Address a cikin WDF_DEVICE_PNP_CAPABILITIES, ɗan ya karanta da WdfDeviceQueryProperty, ya nemi DevicePropertyAddress. Shi ke nan.

Maganar rijistoci kuwa, ina roƙonka kada ka ba ɗan adireshin. Zai yi aiki a teburinka, amma rijistar da ke kunnawa da kashe katsewa ta tashoshi huɗun ce baki ɗaya. Ranar da tasha ta 1 da ta 3 suka karanta ta a lokaci guda, kowacce ta canza nata ta mayar, ɗaya za ta goge na 'yar'uwarta, kuma ba za ka ga alamar komai ba sai tashar ta yi shiru. Kamar rijiyar gida ce mai guga ɗaya: a bar mutum ɗaya ya riƙa ja yana zuba wa kowa.

Hanyar da aka tanada ita ce IRP_MN_QUERY_INTERFACE. Ka ƙirƙiri GUID naka (lambar shaida da ba ta da ta biyu), ka tsara wani tsari da zai fara da INTERFACE, wato Size, Version, Context, InterfaceReference da InterfaceDereference, sai ka ɗora ayyukanka a ƙasa: karanta, rubuta, saita saurin layi. Uwar ta kira WdfDeviceAddQueryInterface a kan kowane PDO, ta sa ma'ajiyar wannan PDO a Context. Ɗan ya kira WdfFdoQueryForInterface a cikin EvtDevicePrepareHardware, a PASSIVE_LEVEL, ya sake shi a EvtDeviceReleaseHardware. Makullin da ke hana tashoshi biyu taɓa rijistar a lokaci guda yana wajen uwar, ɗan bai ma san da shi ba. Direban PCI na Windows kansa haka yake yi: GUID_BUS_INTERFACE_STANDARD yake ba ka, da GetBusData da SetBusData a ciki. Ka duba samfurin Toaster na Microsoft, duk wannan yana nan. Kuma ka ɗauki Version da muhimmanci, don watarana za a sabunta fayil ɗaya a bar ɗayan.

Ɗan Fagge:

Na gode Yallaɓai, Allah ya ƙara basira. Daga ɗa zuwa uwa na gane. To daga uwa zuwa ɗa fa? Tunanina in sa wani aiki a cikin tsarin wanda ɗan zai yi rajistar adireshin aikinsa da shi, uwar ta riƙa kira daga DPC ɗinta, wato aikin da ke gudana bayan katsewa.

Ta Zariya:

Malam, a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Za ka iya, amma ka tuna mutum zai iya kashe 'ya'yan a Device Manager ya bar uwar tana aiki. Da zarar na ƙarshe ya tafi, Windows za ta sauke fayil ɗinsu daga memori. Idan uwar ta kira adireshin da ya rage a hannunta, ka samu shuɗin allon da kake gudu, irin su 0xCE. Goge adireshin kawai bai isa ba, don wataƙila DPC ɗin yana cikin aikin a wata ƙwaƙwalwar sarrafawa a daidai lokacin. Dole aikin janye rajistar ya jira har a fito. EX_RUNDOWN_REF don irin wannan aka yi shi.

Ni dai a RS-485, inda saurin bai taka kara ya karya ba, da buƙatun da ake ajiyewa zan yi. Ɗan ya tura IOCTL na ciki zuwa ƙasa ta WdfDeviceGetIoTarget, uwar ta ajiye shi a layin jira, idan bayanai sun zo ta cika shi ta mayar. Idan ɗan zai tafi, KMDF ne ke kula da soke buƙatun. Haka direbobin USB ke tura nasu buƙatun da ake kira URB. Idan kana so buƙatun su taru a layin FDO na uwar, akwai WdfRequestForwardToParentDeviceIoQueue tun KMDF 1.9, amma sai ka kira WdfPdoInitAllowForwardingRequestToParent kafin ka ƙirƙiri PDO. Ka riƙa ajiye buƙata biyu a kowane lokaci, kada bayanai su iso ba a sami inda za a zuba su ba.

Mai Linux:

Idan nan gaba za ka kai katin Linux, a can ɗan yana iya cewa dev_get_drvdata(dev->parent) ya shiga bayanan uwar kai tsaye, direbobin MFD (na'urori masu ayyuka da yawa) da dama haka suke yi. Amma ga katin PCIe irin naka ka duba auxiliary bus da ya shigo a Linux 5.11, wanda direban katin sadarwa na mlx5 ke amfani da shi. Matsalar wa zai riga tafiya tana nan a can ma.

Ɗan Fagge:

Na gode muku duka. Zan bi ta INTERFACE wajen saiti da rubutu, karɓar bayanai kuma ta hanyar da Malama ta faɗa. Da na gama zan kunna Driver Verifier, abin gwada direbobi na Windows, in yi ta kashe 'ya'yan ina kunnawa alhali mitocin suna turo bayanai, zan dawo in faɗa muku abin da ya fito.