Neman shawara: wane iyafis ne zai dace da 'yar MP3?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da 'yar na'urar sauraro SanDisk Sansa Clip+, irin wadda ake maƙalawa a aljihun riga. Cikin memorinta akwai tafsiri da karatun Alƙur'ani da 'yan waƙoƙin kalangu da kukuma na da, kuma da ita nake kama rediyo da safe. Iyafis ɗinta ƙofar mota ta datse igiyar, yanzu kunne ɗaya ne ke magana. Wanne zan saya? Ba mai tsada nake nema ba, mai ƙarko dai, kuma murya ta fito fes.

Abba: Wa'alaikumus salam Baba. Ai yanzu an wuce wurin igiya. Ka sayi na Bluetooth kawai, Oraimo suna da kala-kala, ka huta da warware waya kullum.

Usman Mai Gyara: Abba, dakata. Clip+ ba ta da Bluetooth, ta 2009 ce, rami ɗaya gare ta na milimita 3.5. In Baban Khadija ya sayi marar igiya, ba inda zai haɗa shi.

Abba: Akwai ɗan abin da ake soka wa a ramin ya mayar da ita Bluetooth ai.

Usman Mai Gyara: Akwai, amma kaya uku ke nan za ka riƙa yi wa caji: na'urar, ɗan abin, da iyafis. Da wace wutar? Kuma babbar matsalar ita ce rediyo. Waɗannan ƙananan na'urori ba su da eriyar FM a cikinsu, igiyar iyafis ɗin ce eriyar. Ka cire igiya, ka cire rediyo. Shi kuwa ya ce kullum da safe yana sauraro.

Baban Khadija: Ikon Allah. Shi ya sa in na naɗe igiyar na cusa a aljihu tasha take shuuu, in na sake ta kuma ta washe.

Injiniya Bashir: Haka ne Alhaji. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108, tsawon zangonsu wajen mita 3, kuma eriya mai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato santimita 75, tana kamawa da kyau. Yawancin iyafis igiyarsu mita 1.2 ce, ta wadatar, in dai an bar ta a miƙe.

Abu biyu zan ƙara da ake dubawa a bayan kwali. Na farko lambar da aka rubuta da ohm, wadda ke nuna yawan turjiyar da iyafis ke yi wa lantarki. Ƙaramar na'ura mai ɗan batir tana son 16 zuwa 32. Manyan hedifon na situdiyo akwai masu 250, kamar wani samfurin Beyerdynamic DT 770; in ka jona shi a Clip+ za ka ƙure ƙara amma sautin ya fito a raunane, don ba ta da ƙarfin tura shi. Na biyu lambar desibel, wadda ke nuna yadda yake saurin ɗaukar ƙara. Daga 100 zuwa sama ya yi. Sauran rubuce-rubucen da ake cika kwali da su, irin su 20 zuwa 20,000 haz, kusan kowane iyafis haka yake rubutawa, ba za su raba maka mai kyau da marar kyau ba.

Usman Mai Gyara: Injiniya ya kawo na takarda, bari in kawo na teburin gyara. Alhaji, kafin ka kashe ko sisi, ari iyafis ɗin wani ka gwada a na'urar. Sau da yawa ana kawo mana abu a ce kunne ɗaya ya mutu, mu haska ramin mu ga ƙura da zaren aljihu sun dunƙule a ciki, bakin ba ya shiga har ƙarshe. A kashe na'urar, a sa tsinken sakace na icce a hankali a zaƙulo. Banda allura, tana kankare ƙarfen ciki. Naka tunda ƙofa ce ta datse, da wuya ya zama wannan ne, amma gwajin kyauta ne.

Sannan ka kalli bakin da ake sokawa. Za ka ga zobba baƙaƙe ko farare a jikin ƙarfen. Mai zobe biyu na sauraro ne zalla: hagu, dama, da na ƙasa, wato layin da hagu da dama suke tarayya a kansa. Mai zobe uku an ƙara masa layin makirufo don waya. Naka mai biyu ya kamata ka nema. Mai uku yakan yi aiki a wasu na'urorin, a wasu kuma sai ka ji kiɗa na tashi amma muryar mai waƙa ta yi nisa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓallin amsa kira sannan ta dawo daidai. Dalili shi ne tsarin jera layukan iri biyu ne, CTIA da OMTP, kuma sun saɓa a inda suka sa makirufo da layin ƙasa. Kai da ba kira za ka amsa da ita ba, me ya haɗa ka da wannan rigimar?

Hajiya Rabi: Malam Usman, Allah ya saka. Ni tambayata ta kunne ce. Irin masu robar nan da ake turawa ciki, in na daɗe da su kunnena zafi yake yi, musamman ƙarƙashin hijabi. Shi ya sa na koma masu faɗi da ke zama a bakin kunne kawai. Ga mai jin karatu da wa'azi sun ishe shi, kuma ina jin in yaro ya kira ni ko an yi sallama.

Injiniya Bashir: Hajiya, galibi girman robar ne bai dace ba. Masu kyau suna zuwa da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma mutane da wadda suka tarar a jiki suke amfani, sauran su tafi kwandon shara tare da kwalin. In ta yi girma tana matsa kunne, in ta yi ƙanƙanta iska na shiga, kaurin sauti ya gudu, ganga ta koma ƙwas-ƙwas. Wani ma kunnensa na hagu da na dama ba girmansu ɗaya ba, sai ya sa matsakaiciya a nan, ƙarama a can.

Hajiya Rabi: To zan gwada ƙaramar in gani. Amma dai a gida na fi son masu faɗin.

Maman Sadik: Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki a nan don abin yana damuna. Masu faɗin ba sa toshe hayaniya, saboda haka a cikin mota ko kasuwa mutum sai ya yi ta ƙara sauti don ya rinjayi ƙarar waje, kuma a nan ake cutar da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraro a desibel 80 (ƙarar da ke shiga kunne ke nan, ba lambar bayan kwali ba) har awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Da an haura, lokacin raguwa yake yi da sauri sosai. Shawarar da suke bayarwa mai sauƙi ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma a hankali yake tafiya, mutum bai ankara ba sai ya fara cewa a maimaita masa magana. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na ƙugi, ka wuce ƙima. Don haka ga mai yawan shiga mota na fi son mai roba, a ƙaramin sauti. Mai tuƙa babur ko tafiya a gefen titi kuma kada ya toshe duka biyun, don Allah.

Baban Khadija: Wannan magana ta shige ni, Maman Sadik. Yawanci a motar haya nake saurare tsakanin Zariya da Kaduna. Mai roba ke nan. To ku ba ni suna.

Injiniya Bashir: Sony MDR-EX15LP. Ka lura da haruffan ƙarshe: LP ba makirufo, AP mai makirufo ne. Ohm 16 ne, Clip+ za ta tura shi ba wahala. Ko Panasonic RP-HJE120, shi ma 16 ne kuma ba makirufo, bakinsa a ɗan karkace yake don ya bi ramin kunne, yana zama daram. Duka biyun ba na alfarma ba ne, amma murya na fita a cikinsu.

Malam Isuhu Maraɗi: Gaisuwa ga jama'ar zaure. Ni ra'ayina daban ne kaɗan. Iyafis ba lasifikarsa ke mutuwa ba, igiya ce, kuma kusan kullum a wuyan bakin da ake sokawa ko inda ta rabu biyu. Shi ya sa na koma irin waɗanda ake cire musu igiya, kamar na kamfanin KZ, masu 'yan fil biyu a kowane kunne. Igiya ta tsinke, ka sayi igiya kaɗai ka mayar. Suna zuwa da makirufo ko babu, sai ka zaɓa. Abin da zan faɗa tsakani da Allah shi ne wasu samfuransu suna da kaifin sauti, a tsohon rikodin na kaset da aka juya zuwa memori suna fito da shuuu ɗin nan sosai. Kuma igiyarsu ta bayan kunne take zagayawa, mai tabarau sai ya saba.

Usman Mai Gyara: Malam Isuhu ya yi gaskiya kan igiya. Ko wanne za ka saya, nemi mai baki a lanƙwashe, ba miƙaƙƙe ba, don a aljihu miƙaƙƙen ne ke saurin karyewa, har ya ja wa ramin na'urar lahani. Kuma a daina naɗe igiya a jikin na'ura tana soke. A zare, a naɗe a yatsu uku sako-sako, a sa a ɗan gwangwani ko jakar tabarau. Lokacin hunturu a riƙa cire robar ana wankewa da ruwa da sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar, 'yar ragar da sauti ke fitowa ta cikinta kuma a goge da busasshen buroshin haƙori. Dattin kunne da ƙura in suka toshe ragar, sai ka ga gefe ɗaya ya yi ƙasa, a ɗauka lalacewa ya yi.

Abba: Na karɓi gyara kan rediyon. Amma Baba ka yi hattara da jabu, duk sunan da ya yi fice ana buga irinsa. Oraimo ma suna da masu igiya, kuma sun fi sauƙin samu a nan, sai dai yawancinsu na waya ne masu zobe uku.

Baban Khadija: To ya zan gane na gaske?

Usman Mai Gyara: Kwali ba ya faɗin gaskiya, kunnenka ne zai faɗa. In za ka shigo Kano, Farm Centre ko titin Beirut za ka samu zaɓi da yawa, a Abuja kuma Banex. Ka tafi da na'urarka a cike da caji, kada ka yarda a gwada maka a wayar mai shago. Ka sa karatun da kunnenka ya sani, ka saurari muryar: a tsakiyar kai ya kamata ka ji ta, ba ta karkata gefe ɗaya ba. Ka murza bakin a cikin ramin, ka girgiza igiyar wajen wuya, in ka ji ƙaras-ƙaras ka ajiye. Ka kunna rediyo ka ga ta kama. Ka buɗe kwalin ka ƙirga robobin. In mai shago ya ƙi a buɗe, ku yi magana a kan canji kafin ka biya, ya rubuta maka a rasit.

Malam Isuhu Maraɗi: In kuma ka zaɓi mai cire igiya, sayi igiya ta biyu a ranar, ka gwada ta a wurin. Filolin ba duka girmansu ɗaya ba, akwai milimita 0.75 akwai 0.78, kuma samun wadda ta dace daga baya yakan yi wuya.

Baban Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara neman na Sony ko Panasonic ɗin, in ban samu na gaske ba in duba na Malam Isuhu. Malam Usman, tsohon da ya datse fa, a jefar?

Usman Mai Gyara: A'a, kawo shi. In a kusa da baki ya datse, sai a yanke a sa masa sabon baki da dalma, aikin minti kaɗan ne. Ka ajiye shi na ko-ta-kwana.