Ƙugu ya riƙe, hankali kuma ba ya zama cikin salla: ina neman shawara

Tela_Wadata:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a kasuwar Wadata, nan Yamai, shekarata 47. Daga ƙarfe 8 na safe har bayan isha'i ina duƙe kan keke, gab da sallar layya kuwa a shago nake kwana. Yanzu in zan tashi daga sujada sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Amma ba ƙugun ne ya fi damuna ba. Ina zaune cikin tahiya, zuciyata tana can tana lissafin yadin shadda.

Shekaranjiya yarana suna langa a ƙofar gida, autan ya ce, "Baba, zo ka zama ruwa." Na kama ƙafa, tsalle huɗu na yi na zube cikin rairayi. Suka kwashe da dariya, ni ma na yi ta yi har da hawaye. Wallahi magaribar nan na yi ta da natsuwar da na daɗe ban samu ba. Me ya kawo haka? Kuma ɗiyata ta matsa in riƙa yin yoga da take gani a YouTube. Da girmana?

Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam, maigida. Mu nan Tawa ba baƙon abu ba ne. A garin nan aka fara kokowar takobin ƙasa a 1975, kuma ka lura da ɗan kokowa kafin a kama: yana taka rawa a gaban makaɗa, yana kirari, yana shafa ƙasa. Ba don ƴan kallo kawai yake yi ba, tattaro hankalinsa yake. Kai ma tsayuwa da ƙafa ɗaya ce ta kore maka shadda, don wanda ke tsoron faɗuwa ba ya lissafi. Sai dai da ƙugun nan kar ka ce za ka biye wa yara. Ka dafa bango, ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka ja numfashi goma a hankali, ka sauya.

Malamar Islamiyya:
Malam, batun girma kar ya dame ka. Ya tabbata Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Habashawa sun yi wasan mashi a masallacinsa, ya bar ta tana kallo. Yoga asalinta Indiya ne, kuma akwai addinin Hindu a tushenta, shi ya sa malamai suka saɓa a kanta. Ni miƙa da jan numfashin nake ɗauka, sauran in bar musu. Sannan ka duba ruku'unka. Ana son bayanka ya miƙe, kowace gaɓa ta natsu kafin ka ɗago. Yawancinmu caccakar kaza muke yi.

Mai kabu-kabu:
Baba, kai ne ruwan da bai kai masha ba ke nan! Ka zo filin Seyni Kountché bayan asuba, dattijai da hajiyoyi suna zagaye, ba mai kallon kowa. Minti 150 na motsa jiki a sati Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, wato rabin awa kwana biyar. In ciwon yana sauka har ƙafa ko kana jin ta mace, fara zuwa wajen likita tukun.

Tela_Wadata:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ba ya sauka ƙafa, alhamdu lillahi. Yau da azahar na gwada ta bangon a bayan shago, a numfashi na shida na sauke. Yaron shagona ya leƙo ya tambaye ni ko ƙaya na taka.