Neman kalmar Hausa: idan bankuna biyu suka zama ɗaya, me za mu ce?

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu kishin harshe. Daga Damagaram nake rubuto wannan, kuma taimakonku nake nema a kan kalma guda da ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya. Ina cikin masu juya labarai daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo na garin nan. An ba ni rahoto a kan matakin da ministocin kuɗi na ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka suka ɗauka a watan Disamba na 2023, inda suka ninka mafi ƙarancin jarin da banki zai mallaka, daga miliyar 10 zuwa miliyar 20. Rahoton ya ce bankin da ya kasa cika wannan jari, wata hanyar da ta rage masa ita ce "fusion". Nan alƙalamina ya tsaya.

Abokin aikina ya ce in rubuta "haɗin gwiwa" in wuce. Ban yarda ba. Masu haɗin gwiwa kowa da gidansa yake kwana. Ɗan kasuwar Dole da ɗan Kantin Kwari suna iya haɗa gwiwa su sauke mota guda ta atamfa, a raba riba, gobe kowa ya buɗe rumfarsa da sunansa. Abin da rahoton ke nufi kuwa, bayan an gama, aƙalla gida ɗaya ya tashi daga doron ƙasa. "Haɗin kai" da "ƙawance" su ma ciwonsu ɗaya ke nan. "Gamayya" ta fi dacewa da taron ƙungiyoyi masu murya ɗaya, kowace da shugabanta.

Maƙwabtanmu na Kano suna cewa "maja". Kalmar ta yi tashe a 2013 lokacin da jam'iyyun adawa na Najeriya suka dunƙule suka zama APC, kuma duk mai sauraren rediyon can ya san ta. Ba na ƙyamar aro, ai banki ma aro ce, gishe, tagar da ake biyan kuɗi a banki, aro ce, sefa aro ce. Sai dai tsohuwar da ke saurarena a Mirya ko a Tanut ba ta san maja ba, kuma ko ta sani, kalmar ba ta gaya mata abin da take son ji, wato wa ya rage, wa ya tafi, kuɗinta kuma suna hannun wa.

Bari in ba ku dalilin da ya sa na damu har haka.

Kawuna ya yi shekaru yana kai fatu Kano yana dawowa da kaya. Yana da asusu a wani banki a can, ba zan kama sunansa ba. A farkon 2006 na raka shi, ina matashi. Mun sauka daga mota, mun taka har ƙofar da ya saba shiga, sai ya tsaya cak. Fentin bango ya canza, allon sama ya canza, mai gadi ma wani ne. Ya ciro littafin ajiyarsa daga aljihun gaba na babbar riga, wanda yake naɗewa cikin leda saboda zufa, ya dubi tambarin da ke kai, ya ɗaga kai ya dubi na bango. Ba su yi kama ba. Na ga hannunsa yana rawa. A ciki wani saurayi ya ce masa, "Alhaji kwantar da hankalinka, haɗewa aka yi." Kawu ya ce, "Ɗana, in haɗewa aka yi, ina rabin sunan namu?" Kuɗinsa suna nan, an ba shi bayan kwana uku da cike takardu, amma har ya rasu bai sake barin fiye da kuɗin mota a banki ba. Tambayar nan tasa ce ta dawo mini shekaranjiya.

Abin da ya faru a lokacin sananne ne. A watan Yulin 2004 gwamnan babban bankin Najeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira miliyar 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. A cikin wannan guguwa bankuna tara, har da Bank of the North da ƴan kasuwar arewa suka daɗe da sani, suka narke suka fito da sabon suna, Unity Bank. Wannan kam haɗewa ce ta gaskiya: kowa ya ajiye sunansa, aka raɗa wa jariri nasa. Amma ku dubi 2011, da Ecobank mai hedikwata a Lome ya karɓe Oceanic Bank, ko 2019 da aka ce Access da Diamond sun haɗe. Yau ina Oceanic, ina Diamond? Access da Ecobank kuwa suna nan da sunayensu.

Don haka shawarata ita ce kalma ɗaya ba za ta ishe mu ba, kuma Hausa ta riga ta ajiye mana biyu a kusa da juna: haɗewa da haɗiyewa. In bankuna sun rushe kansu sun gina sabo, sun haɗe. In ɗaya ya ci gaba da rayuwa ɗayan ya ɓace a cikinsa, to ya haɗiye shi. Ina jiran gyaranku.

*

Na gode da amsoshin da suka shigo tun safe. Zan bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Wata yayata mai koyarwa a makarantar sakandare ta ce me zai hana mu ce "auren bankuna", tunda ko jaridun Faransa suna kiransa aure. Yaya, kalmar tana da daɗi a kunne, amma a wurinmu mace ba ta rasa sunanta don ta yi aure, dukiyarta tata ce a shari'a, kuma in zama ya ƙi akwai rabuwa. Bankin da aka haɗiye ba shi da gidan uban da zai koma.

Gyaran da ya fi nauyi ya zo daga wani malami da ya yi aikin banki shekaru da yawa a Yamai kafin ya dawo gida Birni. Ya ce, "Ƙanena, ka yi hattara da haɗiyewa. Bahaushe in ya ji an haɗiye, kuɗinsa zai fara tunawa. Ka faɗi haka da daddare, da safe ka tarar da layi har bakin titi, kuma layi shi ke kashe banki mai lafiya." Malam, na daɗe ina juya maganar nan, domin gaskiya ce. Banki ba ya ajiye duk kuɗin mutane a cikin akwati, yawancinsu ya bayar bashi, saboda haka in kowa ya zo karɓa rana ɗaya babu bankin da zai iya biya. Mu nan ba labari aka ba mu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumi ya hau kan ƙasar nan, mun ga ma'aikata suna sammako tun asuba a ƙofar bankuna, mutum ya wuni a rana a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade daga cikin albashinsa. Na tsaya a layin nan kusa da wani malamin makaranta da ya taho daga ƙauye a kan babur, ya kwana biyu a gidan ɗan'uwansa yana jiran a kira lambarsa. Dattawanmu kuma ba su manta da durƙushewar BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, a 1990 ba, wanda a kan kangonsa aka kafa Sonibank. Mutanen da suka ga wannan, ba a wasa da kunnensu.

Duk da haka, Malam, ban janye ba, ga dalilina. Dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da ƙasarmu ke bi ita kanta ta raba abin gida biyu: ko dai a kafa sabon kamfani, ko ɗaya ya shanye ɗayan, kuma kalmar da Faransanci ke amfani da ita a nan, "absorption", ba ta fi tamu laushi ba. Me zai sa mai jin Faransanci ya san gaskiyar abin, mai jin Hausa a lulluɓe masa? Abin da ya tsorata kawuna ba kalma mai kaifi ba ce, kalma mai laushi ce da idonsa ya ƙaryata. An ce masa an haɗe, shi kuwa ya ga an shafe. Daga ranar ya daina yarda da duk abin da aka faɗa masa a gishe.

Maganin tsoron da kuke hange shi ne kada a bar kalmar ita kaɗai. A dokance, wanda ya haɗiye kamfani ya ɗauki dukiyarsa da nauyinsa gaba ɗaya. Ajiyar mutane bashi ce a wuyan banki, don haka tana bin sabon mai gida. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kenan a rediyo sai mu ce: banki kaza ya haɗiye banki kaza, ajiyar jama'a da basussukan da ake bin su duk sun koma hannunsa, babu wanda kuɗinsa ya salwanta. In kuma rushewa ce ba haɗiyewa ba, a faɗa da sunanta, a ƙara da cewa yankinmu yana da asusun lamunin ajiya da ke biyan mai ajiya a banki har sefa 1,400,000.

Wani ɗalibi daga jami'ar André Salifou ya ce a rediyo haɗewa da haɗiyewa za su rikice a kunne, gaɓa ɗaya ce tsakaninsu. Ƙanena ka yi tunani mai kyau, kuma kai ka sa na gano abin da ya fi burge ni a lamarin. Kada mu dogara da sunan aikin, mu yi amfani da aikatau. "Sun haɗe" jam'i ne, ba ya bukatar wanda aka yi wa. "Ya haɗiye shi" tilo ne, kuma jimlar ba ta cika sai ka faɗi wa aka haɗiye. Nahawun Hausa da kansa yana tilasta wa mai magana ya nuna babba da ƙarami. Mai son ɓoye wanda ya ci wani ba zai iya ba sai ya yi ƙarya ƙiri-ƙiri.

Akwai hali na uku da wani ya tuna mini: a 2017 bankin BCP na Maroko ya sayi mafi yawan hannun jarin BIA-Niger, suna bai canza ba, rassa suna nan. Wannan saye ne, kalmar tana nan tun kaka da kakanni, ba ta bukatar taro.

*

Kafin in rufe, akwai kalma ta biyu da tattaunawar nan ta tono, kuma ina ganin ta fi ta farko haɗari: "girma". Duk lokacin da aka haɗiye banki, sai sanarwa ta biyo baya cewa yanzu shi ne na ɗaya ko na biyu mafi girma. Masu jera bankuna yawanci jimlar kadarori suke aunawa, wato basussukan da banki ya bayar da takardun kuɗi da gine-gine da sauransu, wani lokaci kuma yawan ajiya. Lissafin awo ne kawai. Amma girma a bakin Bahaushe ba awo ba ne kaɗai. Girma mutunci ne, dattako ne, shi ne abin da muke ba Sarkin Damagaram da iyayenmu. In ka ce wa mai sayar da goro "banki mafi girma", abin da ya ji shi ne banki mafi amana, wanda ba zai kunyata shi ba.

Shekarar 2008 a Amurka ta isa misali. Bankin Washington Mutual yana da kadarori na sama da dala miliyar 300. Bayan faɗuwar bankin Lehman Brothers a 15 ga Satumba, masu ajiya suka kwashe sama da dala miliyar 16 cikin kwana goma, hukuma ta karɓe shi a 25 ga wata, JPMorgan Chase ya saye harkokinsa a kan dala miliyar 1.9. Wachovia shi ne na huɗu a jerin bankunan ƙasar, bai ga ƙarshen shekarar da ƙafafunsa ba, Wells Fargo ya haɗiye shi. A watan Maris na 2023 kuma UBS ya haɗiye Credit Suisse, bankin da ya haura shekara 160, cikin hutun ƙarshen mako guda, hukumomin Suwizalan suna tsaye a kansu. Duk waɗannan manya ne a ma'auni. Bashin da ba zai biyu ba ma kadara ake rubuta shi a littafi har ranar da aka yarda ya mutu, shi ya sa banki ke iya kumbura yana ciwo, kamar ƙafar da ta yi ruwa.

Saboda haka ina roƙon abokan aiki a gidajen rediyon Damagaram da Maraɗi da Tawa mu daina cewa "mafi girma" a wannan wuri. Mu ce "mafi yawan kadara", ko "mafi yawan ajiya", ko "mafi yawan rassa", gwargwadon abin da aka auna. Ya fi tsawo da kalma ɗaya, amma mai saurare zai san ma'aunin da aka ɗora.

Malam na Birni ya sake rubuto mini bayan la'asar. Ya ce ya amince da haɗewa da saye da maganar kadara, haɗiyewa kuma zai bar ta ta wuce bisa sharaɗin kada a taɓa karanta ta ba tare da jimlar ajiya a bayanta ba. Na karɓi sharaɗin, Malam, Allah ya ƙara girma. Ga yadda na rubuta layin da zan karanta a labaran ƙarfe takwas na daren yau: "Bankin da ya kasa cika jarin miliyar 20, ko dai ya nemo sababbin masu zuba jari, ko ya haɗe da wani su kafa sabo, ko wani ya haɗiye shi, a kowane hali ajiyar jama'a tana bin bankin da ya rage." Wanda ke kusa da rediyo ya saurara, in ya ji inda harshe ya yi tuntuɓe ya sanar da ni kafin a maimaita da safe.