Wai da gaske baƙar fata ne ya fara kafa birnin Chikago?

Dan_Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ke karatu a Chikago ta Amurka ne yake ce min wai wani baƙar fata ne ya fara kafa garin, har babban titin bakin tafkinsu sunansa aka sa. Masana tarihi don Allah a warware min, waye shi, kuma su waye sauran manyan da suka gina garin?

Baba_Malam: Wa'alaikumus salam. Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Sunansa Jean Baptiste Point du Sable, ɗan kasuwa ne mai harkar fatu, ya zauna a bakin kogin Chikago daidai inda yake haɗuwa da tafkin Michigan tun wajen shekarun 1780. Amma fa 'yan asalin ƙasar suna nan kafin shi, matarsa ma Kitihawa 'yar ƙabilar Potawatomi ce. Kuma ba 'yar bukka ya kafa ba, gida ne sosai da wurin niƙa da ɗakin gasa burodi da dabbobi. A 1800 ya sayar da komai ya tashi, ya rasu 1818 a Missouri. Abin da ke min ciwo shi ne an daɗe ana kiran John Kinzie, Baturen da ya zauna a gidan daga baya, da uban gari, shi kuwa mai gidan na asali aka mance da shi, sai 2021 aka sa wa titin sunansa.

Maman_Ihsan: Baba ka manta da mata! Ida B. Wells, 'yar jarida ce da ta tona asirin kisan gillar da ake wa baƙaƙe a jihohin kudu na Amurka, aka farfasa ofishin jaridarta a Memphis, daga baya ta koma Chikago ta ci gaba da faɗa har ta rasu 1931. Ita ma yanzu akwai titi da sunanta a tsakiyar gari.

Abu_Sadiq: Ni a wajena Robert Abbott ne ya fi canza garin. Shi ya kafa jaridar Chicago Defender a 1905, ma'aikatan jirgin ƙasa baƙaƙe ke ɗaukar ta a ɓoye su kai kudu, mutane na karantawa suna ganin tallan aiki suna tattara kaya suna tahowa arewa, haka unguwannin kudancin Chikago suka cika. Jikokinsu ne ai suka fito ƙwansu da kwarkwata suka zaɓi Harold Washington a 1983, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, ya rasu 1987 yana kan mulki.

Dan_Fagge: Allah ya saka da alheri, na ƙaru wallahi. Abu_Sadiq, wai jaridar nan har yanzu tana fitowa?

Abu_Sadiq: Tana nan, amma tun 2019 suka daina bugawa a takarda, sai a intanet.